Yaƙin Ruhaniya: Wai Da Wa Muke Faɗa Ne?

A garin nan namu na Jos, in ka zaga majami'u daga Tudun Wada zuwa Anguwan Rukuba har Bukuru, za ka samu masu bi sun rabu kusan gida biyu a kan maganar Shaiɗan da aljanu. Akwai waɗanda komi ya same su aljani ne, mota ta lalace a hanyar Akwanga aljani, yaro ya faɗi jarabawa aljani, yarinya ta kai shekara talatin ba miji toh akwai wanda ya ɗaure ta a ƙauye. Akwai kuma ɗaya gefen, yawanci waɗanda suka yi boko mai zurfi, su kam da ka ambaci mugayen ruhohi sai su kau da kai, a wurinsu duk camfi ne na mutanen da. Kuma dukansu Littafi Mai Tsarki ɗaya suke riƙewa ranar Lahadi. Ni abun da ya dame ni shine ɓarnar da tsoro yake yi a gidajen masu bi, tsoron da Ibraniyawa 2:14-15 ta ce Yesu ya mutu ne domin ya raba mu da shi, shi ya sa nake so 'yan'uwa mu bi maganar nan a hankali, mu ga abun da aka rubuta mu kuma ga abun da mu muka ƙara da bakinmu.

Abu na farko da ya kamata ya zauna mana, ba iko biyu bane suke kokawa a duniya, Allah a gefe Shaiɗan a gefe ana jira a ga wanda zai kayar da wani. Farawa sura 1 ta ce Allah ya dubi duk abun da ya yi ga shi yana da kyau ƙwarai, Kolosiyawa 1:16 kuma ta ce abubuwan da ake gani da waɗanda ba a gani, har da sarautu da ikoki, duk ta wurin Almasihu aka halicce su kuma dominsa. Kenan Shaiɗan halitta ne, yana da farko, yana da iyaka, ba ya ko'ina a lokaci guda, bai san gobe kaman yadda Allah ya sani ba. Toh in haka ne daga ina mugunta ta fito? Agustin, ɗan Afirka ne da ya yi bishop a garin Hippo cikin ƙasar Aljeriya ta yau ya rasu a shekara ta 430, ya sha fama da tambayar nan sosai domin shi kansa ya yi wajen shekara 9 cikin ƙungiyar mabiya Mani masu koyar da cewa haske da duhu iko biyu ne tun fil azal. Da ya zo ga Almasihu sai ya gane cewa mugunta ba wata aba bace da aka halitta, lalacewar abu mai kyau ce. Mu mutanen Filato ba za mu sha wahalar gane wannan ba. Ku dubi ramukan kuza da aka bari a wajajen Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi, rami ai ba wani abu bane da aka kawo aka ajiye, ƙasa ce aka kwashe, amma wannan gurbin ya cika da ruwa yana cin yara da dabbobi har yau. Haka mugunta take, ba ta da wani abu nata na kanta, amma tana kisa.

Yadda Shaiɗan ya faɗi kuwa Littafi bai ba mu dogon labari ba. 2 Bitrus 2:4 da Yahuza aya 6 sun ce akwai mala'ikun da suka yi zunubi suka bar matsayinsu, Ru'ya ta Yohanna sura 12 kuma ta nuna Mika'ilu da mala'ikunsa suna yaƙi da babban macijin aka jefo shi ƙasa. Ishaya 14 da Ezekiyel 28 da muke yawan ji a wa'azi, in ka karanta da kyau za ka ga da sarkin Babila da sarkin Taya ake magana, ko da yake malaman ikkilisiya da yawa tun zamanin da sun ga hoton girman kan Shaiɗan a ciki kuma ban ga laifin hakan ba. Amma jerin sunayen aljanu da muƙamansu da ake karantowa a wasu tarurruka, wannan na ruwa ne wannan na kasuwa ne wannan shine mai hana aure, ba a aya yake ba.

Littafin Ayuba shine ya fi nuna mana iyakar ƙarfinsa. Shaiɗan ya zo gaban Ubangiji yana ƙorafi da bakinsa cewa an kewaye Ayuba da shinge, bai iya taɓa ko akuya ɗaya ba sai da aka ba shi izini, kuma izinin ma da iyaka, karo na farko aka ce kar ka taɓa jikinsa, karo na biyu aka ce kar ka taɓa ransa. A Luka 22:31 ma haka ne, Yesu ya gaya wa Bitrus cewa Shaiɗan ya nemi izini ya sheƙe su kaman alkama, sai ya ce amma na yi maka addu'a domin bangaskiyarka kar ta kasa. Na san wannan koyarwa tana da nauyi ga wanda yake cikin wahala, domin tana nufin Allah ya sani kuma ya bari, kuma shi Ayuba har littafin ya ƙare ba a gaya masa dalilin wahalarsa ba. Amma gara min in kasance a hannun Uban da ya sa iyaka da in yarda cewa rayuwata tana hannun duk wanda ya je wurin boka da gashin kaina.

Ga waɗanda suke cewa duk camfi ne kuwa, ba zai yiwu ka karanta Markus ka fito da wannan ra'ayin ba. Tun sura ta 1 a majami'ar Kafarnahum ga mutum mai ƙazamin ruhu yana ihu. A sura 5 ga wanda yake zama a makabarta, ana ɗaure shi da sarƙa yana tsinkewa, yana yanka jikinsa da duwatsu, da Yesu ya kori ruhohin suka shiga aladu wajen 2,000 suka faɗa teku. Yesu bai ɗauki abun wasa ba, manzanni ma haka. Kakanninmu da suka karɓi bishara a ƙasar nan, tun zuwan 'yan mishan na SUM, wato Sudan United Mission, garin Wase a 1904, da yawansu sun ƙona layu da guraye da kayan tsafi ne domin sun ga ikon da ya fi wanda suke jin tsoro. Marigayi Byang Kato ɗan Kwoi, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren ikkilisiyar ECWA ya rasu a 1975, ya tashi ne cikin gidan da ake tsafi, bai taɓa musun cewa ruhohi na nan ba, abun da ya yi ta gargaɗi a kai shine gauraya bishara da tsohuwar hanya. Gargaɗin nan ne nake ganin ya cim mana yau, an canza sunan boka zuwa annabi amma aikin bai canza ba, ka je da damuwa, a duba maka, a gaya maka sunan wanda ya yi maka, ka biya.

Mu dubi yadda Yesu ya yi da aljanu, domin a nan ne muka fi kaucewa. Umarni ne gajere, yi shiru ka fita daga cikinsa, shikenan. Markus 1:34 ta ce bai ma bar aljanu su yi magana ba. Sau ɗaya tak aka rubuta ya tambayi suna, a wurin mutumin makabarta, kuma bai zauna yana hira da su ba, wa ya aiko ku, ku nawa ne, a wane gida kuke taro. Bulus ma a Filibi, Ayyukan Manzanni 16, yarinyar nan mai ruhun duba ta yi kwanaki tana binsu tana ihu kuma abun da take faɗa daidai ne, bayin Allah Maɗaukaki ne, amma Bulus bai karɓi shaidarta ba, ya juya ya umarci ruhun ya fita cikin sunan Yesu Almasihu ya fita nan take. Yau kuwa sai ka ga an sa makirifo a bakin yarinyar da take birgima a ƙasa, ana tambayarta, ita kuma ta ce kakata ce, ko matar baba ce, ko maƙwabciyarmu ce, jama'a su yi ihu, wani ya ɗauka a waya ya sa a Facebook, kafin gari ya waye an gama da sunan wata tsohuwa. 'Yan'uwa ku tsaya ku yi tunani. In yarinyar ba aljani ne da ita ba, toh maganar mutum ce da ke cikin ruɗu ko tsoro ko zazzaɓi. In kuma da gaske aljani ne yake magana, Yohanna 8:44 ta ce Iblis maƙaryaci ne uban ƙarya kuma mai kisan kai tun farko, ta yaya za mu ɗauki shaidar maƙaryaci mu yanke wa Mama hukunci da ita? Ko ta ina aka bi, wannan ba shaida bace. Kuma aikin da Littafi ya fi saninsa da shi shine sara, Ru'ya ta Yohanna 12:10 ta kira shi mai saran 'yan'uwa dare da rana, a Zakariya 3 ma yana tsaye ne yana ƙarar babban firist Yoshuwa. Majami'ar da ta zama wurin nuna yatsa ta ɗauki aikinsa tana yi masa ba tare da ta sani ba.

Na bi Sabon Alkawari ban ga wuri ɗaya da Yesu ko wani manzo ya warkar da mutum sannan ya ce masa ɗan'uwanka wane ne ya jefe ka ba. Masu sihirin da aka ambata, Siman na Samariya a Ayyukan Manzanni 8 da Alimas a sura 13, mutane ne da suke sana'ar a fili kowa ya sani, ba a mafarki aka gano su ba, kuma shi Siman abun da Bitrus ya ce masa shine ya tuba. Wasu za su kawo Fitowa 22:18 cewa kar a bar mai sihiri da rai. Wannan doka ce ta al'ummar Isra'ila da take da alƙalanta, kuma Shari'ar da ta faɗi haka ita ce ta ce a Maimaitawar Shari'a 19 ba a kama mutum da laifi sai da shaidu biyu ko uku, a bincika sosai, in mai shaidar ƙarya ya yi a yi masa abun da ya so a yi wa ɗan'uwansa. Wa ya taɓa karanta wannan sashen kafin a kori gwauruwa daga gidan mijinta? Ga kuma yaran da ake cewa an sa su a ƙungiyar asiri wai sun ci abinci a makaranta, a yi ta dukansu ana hana su barci har su amsa, ai yaro ɗan shekara takwas in aka matsa masa haka zai amsa komi. A jihar Akwa Ibom abun ya yi muni har sai da aka yi doka a 2008 da ta haramta laƙaba wa yaro maita. Mu ma a nan ba mu tsira ba, ana yi, ana dai rufewa ne a cikin dangi. Shi mutumin makabarta da Yesu ya warkar, labarinsa ya ƙare ne yana zaune da tufafi cikin hankalinsa aka ce masa ya koma gida wurin mutanensa. Cetonsa ya haɗa shi da danginsa, namu kuma sau da yawa raba dangi yake yi.

Sai maganar ciwo. Matiyu 4:24 ta jera waɗanda aka kawo wa Yesu, masu cututtuka iri iri, masu aljanu, masu farfaɗiya, shanyayyu, kowanne daban, kenan marubutan bishara sun san ba kowane ciwo bane aljani. Gaskiya ne akwai inda aka haɗa su, yaron nan na Markus 9 da matar da ta tanƙware shekara 18 a Luka 13, amma a Yohanna 9 da almajirai suka tambaya wa ya yi zunubi aka haifi mutumin nan makaho, Yesu ya ce ba shi ba ba iyayensa ba. Bulus da ya fitar da aljanu shine ya kira Luka ƙaunataccen likita, shine kuma ya ba Timoti shawarar abun da zai sha saboda ciwon cikinsa. Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar yara masu sikila a duniya, in miji da mata duk AS ne kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai sikila, ba wani maye a cikin lissafin nan, amma gidaje nawa ne yara suka yi ta mutuwa aka ɗora wa kishiya ko uwar miji? Farfaɗiya tana da magani. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yaro yana suma yana surutai. Mace na iya samun taɓin hankali bayan haihuwa kuma tana warkewa in an kai ta asibiti da wuri. Tsohuwar da ta fara mantuwa ta fita da dare ta rasa hanyar gida, aka tsince ta da asuba a wata unguwa ba zani a jikinta, cutar tsufa ce ta taɓa ƙwaƙwalwarta, ba daga taron mayu ta faɗo ba. Dannau ma da yake sa mutum ya farka ya kasa motsi, likitoci sun san shi, jiki ne bai gama fita daga barci ba. Ga matasanmu da tramadol da kodin suka juya wa kai. A kai mutum asibitin JUTH ko na Jankwano a kuma yi masa addu'a, biyun ba sa faɗa da juna. A nan kam 'yan'uwanmu Katolika sun yi tsari mai kyau, a dokarsu ba kowa ke yin addu'ar fitar da aljani ta musamman ba sai fadan da bishop ya ba izini, kuma littafin tsarin da suka sabunta a 1999 ya ce a tabbatar tukuna ba ciwo bane, a nemi shawarar likitoci in da bukata.

Akwai kuma abun da ba ma son ji. Yesu ya ce a Markus 7:21 daga zuciyar mutum ne mugayen tunani suke fitowa, fasikanci, sata, kisa, zina, haɗama, yaudara, hassada. Yakubu 1:14 ya ce kowa sha'awarsa ce take jansa. Mutum zai cinye kuɗin baiko ko ya yi wa 'yar mutane ciki a ce aikin Shaiɗan ne a yi masa addu'ar kora, alhali tuba ake bukata da mayar da abun da aka ɗauka. A Galatiyawa 5 an sa sihiri cikin ayyukan jiki a layi ɗaya da gaba da kishi da tsattsaguwa, mu kuma mun ɗauki guda ɗaya muna azumi a kansa mun bar sauran suna zaune a kujerar gaba. Shi Shaiɗan yana jarabta, wannan ba shakka, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da Afisawa 4:26-27 ta ambata fushi ne da aka kwana da shi, wadda 2 Korantiyawa 2:10-11 ta ambata kuma rashin gafara ne.

Yanzu sai babban nassin, Afisawa 6:10-18. Afisa, da take ƙasar Turkiyya ta yau, gari ne da ya shahara da tsafi da haikalin Artimas. A can ne 'ya'yan Siba su bakwai suka gwada amfani da sunan Yesu kaman laƙani, aljanin ya ce Yesu na san shi Bulus ma na san shi ku kuma su wane ne, ya yi musu duka suka gudu tsirara. A can ne sababbin masu bi suka tara littattafan sihirinsu suka ƙona a gaban kowa, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Toh ga mutanen da suka san abun nan ciki da bai, me Bulus ya rubuta musu daga kurkuku? Bai ba su sunayen aljanun garin ba, bai ba su wata addu'a ta sirri da za a yi ƙarfe goma sha biyun dare ba. Ya ce su sha ɗamara da gaskiya, su sa sulken adalci, takalmansu shirin kai bisharar salama, garkuwarsu bangaskiya, kwalkwalinsu ceto, takobinsu Maganar Allah, su riƙa addu'a kullum domin dukan tsarkaka. Umarnin da ya yi ta maimaitawa shine su tsaya, su dage. Kuma ku lura da abun da ya zo kafin wannan nassi, ku daina ƙarya, ɓarawo ya daina sata ya yi aiki, miji ya ƙaunaci matarsa, iyaye kar su tsokane 'ya'yansu, maigida ya daina yi wa bara barazana. Filin yaƙin kenan, ɗakin aure da shago da ofis. Mai sayar da dankali a Farin Gada da ta ƙi sa ruɓaɓɓe a ƙasan buhu, da ma'aikacin da ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya, suna cikin yaƙin nan fiye da yadda suke zato. Yesu kansa a jeji bayan azumin kwana 40 da Maimaitawar Shari'a ya amsa sau uku, kuma Shaiɗan ma ya jawo Zabura 91, sabida haka ba duk wanda ya iya jawo aya bane za a bi.

Afisawa 6:12 ita ce ta fi ciwo a garin Jos, inda ta ce famarmu ba da nama da jini bane. Mun ga rikicin Satumban 2001, mun ga na Nuwamban 2008 da Janairun 2010, mun ga kisan Dogo Nahawa, mun ga bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 a Kabong da Anguwan Rukuba, mun ga na Taminus a 2014, ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi da Mangu har yanzu suna binne mutane. Garin ya rabu, akwai unguwar da wani ba zai kwana ba. Wanda ya rasa mata da 'ya'ya in ka ce masa ba da mutum yake faɗa ba zai dube ka ne kawai, domin mutum ya gani da bindiga. Ayar ba ta ce a naɗe hannu ba. Nehemiya 4:9 ta ce sun yi addu'a sun kuma sa masu tsaro dare da rana, Romawa 13 ta ɗora wa hukuma alhakin hukunta mai laifi kuma haƙƙinmu ne mu matsa mata ta yi, Bulus da kansa ya tsaya a kan 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma har ya ɗaukaka ƙara gaban Kaisar. Abun da ayar ta hana shine ka mayar da mutum, ko ƙabila guda, ko masu addini guda, su zama su ne Shaiɗan a idonka, domin daga ranar da ka yi haka kisansu ya zama ibada a wurinka, kuma mai kisan kai tun farko ya ci riba sau biyu, ya kashe naka ya kuma mayar da kai irinsa. Bulus da ya rubuta ayar nan ai shine yake shiga gida gida yana jan masu bi zuwa kurkuku kafin hanyar Dimashƙu. A Yunin 2018 da aka kai hari yankin Barkin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutane sama da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa. Wanda ya riga ya yanke cewa duk Musulmi maƙiyi ne bai da inda zai ajiye wannan labarin.

Shi ya sa addu'o'in nan na wuta ta cinye maƙiyina, ya mutu kafin wata ya ƙare, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, suke tayar min da hankali, musamman in na ji yara suna maimaitawa a bijil, wato taron kwana ana addu'a, da dukan ƙarfinsu. A Luka 9:54-55 Yakubu da Yohanna sun nemi su kira wuta daga sama kan ƙauyen Samariyawa, Yesu ya juya ya tsawata musu. Ya ce mu yi wa masu tsananta mana addu'a, Romawa 12:14 ta ce ku sa albarka kar ku la'anta. Na san akwai Zabura masu zafi, 35 da 109 da 137, kuma wanda aka zalunta yana da dama ya kai kukansa gaban Allah ba tare da ya tace ba, amma mai Zabura ya bar ramako ne a hannun Allah, mu kuma muna da fuskar wata inna a ranmu muna ba Allah wa'adi.

La'anar kakanni da ake ta sayar wa mutane man shafewa da ruwa da gishiri a kanta, Fitowa 20:5 ake jawowa, tsara ta uku da ta huɗu, ana tsallake cewa na masu ƙin Allah ne, ana kuma tsallake aya ta 6 mai maganar ƙauna ga dubbai. Ezekiyel 18 ta ce a daina karin maganar nan na iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya sun mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana. Halin gida kam ana gadonsa, ɗan mashayi yana ganin abun da yake gani, amma wannan da tarbiyya da tuba ake karya shi, ba da kwalbar mai ta naira dubu biyar ba. Bitrus ya gaya wa Siman cewa kuɗinsa su hallaka tare da shi tun da ya zaci baiwar Allah ta sayarwa ce. Haka ma koyarwar hawa dutse a ɗaure sarkin aljanun gari, wadda ta bazu daga Amurka wajen ƙarshen shekarun 1980, Daniyel 10 take dogara a kai inda aka tare mala'ika kwana 21, amma Daniyel bai ɗaure kowa ba, bai ma san ana yaƙin ba sai da aka gaya masa, shi dai makoki da addu'a yake yi ga Allah. Mika'ilu kansa a Yahuza aya 9 ce wa Iblis ya yi Ubangiji ya tsawata maka.

Ko Kirista na gaske zai iya zama da aljani a cikinsa, a nan majami'u sun bambanta, wasu na Fentikos suna cewa zai iya samun wani sashe na rayuwarsa a ɗaure, yawancin malaman ECWA da COCIN da Baptis kuma suna cewa wanda jikinsa haikalin Ruhu Mai Tsarki ne ba zai zama mallakar wani ruhu ba. Ni a nan na tsaya, sabida Kolosiyawa 1:13 ta ce an riga an ɗauke mu daga mulkin duhu, 2:15 ta ce a kan gicciye aka tuɓe wa ikoki makamansu aka kunyata su a fili, 1 Yohanna 4:4 kuma ta ce wanda yake cikinmu ya fi wanda yake cikin duniya. Za a jarabce shi, za a tsananta masa, zai iya samun ƙaya a jiki irin ta Bulus da ya roƙa sau uku ba a cire ba aka ce masa alherina ya ishe ka. In ya taɓa zuwa wurin boka ko yana ajiye da laya a ƙarƙashin katifa, ya fito da ita ya furta ya rabu da ita kaman mutanen Afisa, kuma kar a bar shi haka, Luka 11:24-26 ta yi gargaɗi a kan gidan da aka share aka bari ba kowa a ciki.

Roƙona ga iyayenmu, Baba Rabaran da dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata, in an kawo muku wanda ake zaton yana da aljani kar ku kore shi kar kuma ku mayar da shi abun kallo. A shiga da shi ɗaki da mutane kaɗan masu hankali, in mace ce mata su kasance a wurin, a kashe wayoyi, ba duka ba ɗauri ba hana abinci, ba a karɓar ko sisi. Kusan kowace majami'a a garin nan tana da nas ko likita cikin membobinta, a sa ɗaya cikin masu addu'ar ya tambayi tarihin ciwon da magungunan da ake sha. In kuma sunan wani ya fito daga bakin mai fama, sunan ya tsaya a ɗakin nan, a kuma sa dattijo guda ya riƙa leƙa gidan wanda aka ambata cikin makonnin da suka biyo baya, domin dangi suna iya ji ta wata hanya su far mata.